Wa Ya Nuna Musu Gidan? Amana da Cin Amana a Littafin Shaihu Umar da Kwarin Rima

Wanda duk ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Achida zuwa Goronyo da rani, koren fadama zai fara cika masa ido. Albasa da tafarnuwa da shinkafa da alkama sun shimfiɗu a gefen gulbin Rima, injinan ban-ruwa na ta ruri, masunta na jan koma a bayan madatsa. An kammala madatsar ruwan Goronyo a 1984, aka buɗe ta a 1992, kuma an gina ta ne don ta riƙe ruwa mita-kubik miliyan 942. Ita ke taimaka wa birnin Sakkwato da ruwan sha, ita ke raya noman rani a ƙasashen Goronyo da Wurno.

Sai dai wannan ƙasa mai albarka ta sha wuya a 'yan shekarun nan. A watan Yulin 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni da ƙauyukan da ke kewaye da ita a ƙaramar hukumar Rabah, suka kashe mutum fiye da 30, waɗanda suka tsira suka kwarara Gandi. Ranar Lahadi 17 ga Oktoban 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo tana ci, gwamnan lokacin Aminu Waziri Tambuwal ya ce mutum 43 suka rasu. Tsakanin waɗannan manyan hare-hare akwai ƙananan da ba sa kaiwa gidan rediyo. Bayan kowannensu kuwa, idan aka dawo daga jana'iza aka ƙirga waɗanda aka tafi da su daji, tambaya ɗaya ke zagayawa a zaure da bakin masallaci, ƙasa-ƙasa: wa ya nuna musu gidan? Wa ya gaya musu jiya Alhaji ya sayar da albasarsa?

Akwai tsohon littafin Hausa da ya daɗe da yin wannan tambaya, kuma ya amsa ta ta fuskoki da dama. Shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa.

A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Gasar ce ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East, da kuma Shaihu Umar. Lokacin Ɓalewa matashin malamin makaranta ne a Bauchi, bai wuce shekara 22 ba, bai jima da baro Kwalejin Katsina ba. Sauran abokan gasarsa sun fi karkata ga ban dariya ko jarumtaka ko aljanu. Shi kuwa ya zaɓi labarin wani yaro da aka sace, da uwar da ta ratsa Sahara tana nemansa.

Labarin a taƙaice shi ne: Shaihu Umar babban malami ne a Rauta kusa da Bauchi, wata rana almajiransa suka tambaye shi asalinsa. Ya ce a Kagara aka haife shi, ubansa ya rasu tun yana ciki, uwarsa ta auri Makau, bafaden da sarki ke ji da shi. Fadawa suka ƙulla wa Makau sharri, aka kore shi daga gari. Kafin uwar ta bi mijinta, ta je sallama da iyayenta a Fatika ta bar yaron a hannun ƙawarta, wani ya sace shi. Daga hannu zuwa hannu ya kai Kano wurin Gumuzu mai cinikin bayi, daga nan wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya tafi da shi Ber Kufa, ya rene shi kamar ɗa, ya yi karatu wurin Shaihu Mas'ud har ya gaje shi. Ita kuwa uwar, neman ɗanta ya jefa ta cikin bauta. Sun sake ganin juna a Tarabulus, tana gab da cikawa. A hanyar dawowa guguwar yashi ta binne ayarinsu, Umar kaɗai ya fita da rai.

Labaran tsira da Turawa suka shahara da su sukan jefa mutum ne a tsibiri, su bar shi da yunwa da teku da namun daji. Ɓalewa ya ajiye nasa yaron a tsakiyar jama'a, kuma a nan hatsarin yake. Kurar da ke cikin labarin ɓarawon ta kashe, ta bar yaron. Guguwar Sahara sai a ƙarshe ta zo. Duk sauran masifun, daga korar Makau har zuwa mutuwar uwar a ƙasar da ba ta san kowa ba, mutane ne suka jawo su, kuma mafi muninsu sun fito ne daga waɗanda aka saki jiki da su.

Mutanen kwarin Rima sun san bambancin masifun nan biyu. A watan Satumban 2010 ruwa ya fi ƙarfin madatsar Goronyo, ya share gonaki da gidaje, dubban mutane suka koma makarantu da tudu. Asara ce babba, amma ruwa ba ya buƙatar ɗan rahoto, saboda haka maƙwabci bai kwana yana zargin maƙwabcinsa ba. Harin 'yan bindiga kuwa, bayan rai da dukiya, yana tafiya da yardar da ke tsakanin mutanen gari.

Sharrin fada

A duba yadda aka kayar da Makau. Sarki ya tura fadawansa hari ƙasar Gwari. Da suka dawo, kowa zai gabatar da abin da ya kamo. Abokan tafiyarsa, waɗanda suka kwana daji tare suka ci guzuri tare, sun riga sun haɗa baki tun kafin a iso gida: za su ce Makau ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kama. Makau ya faɗi gaskiyarsa, ya rantse, amma bakin mutum ɗaya ne a gaban bakuna da yawa. Sarki bai tura a bincika ba. Aka wasashe gidansa, aka ba shi hanya.

Abu uku suka haɗu a wannan wuri. Akwai hassada, domin Makau ya fi su kusa da sarki. Akwai riba, domin faɗuwarsa na nufin gurbinsa da kayansa sun zama rabon wasu. Akwai kuma mai mulkin da ya ɗauki yawan masu shaida a matsayin gaskiya. Da na ukun bai samu ba, biyun farko da ba su je ko'ina ba. Hassada tana ko'ina, amma sai ta samu kunnen mai iko take zama hukunci.

Ƙasar Rabah tana da nata misalin a tarihi. A 1934, daidai lokacin da littattafan gasar ke fitowa, aka naɗa Ahmadu Bello, haifaffen Rabah kuma tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina, hakimin garinsu. A 1938 ya nemi sarautar Musulunci bai samu ba, aka naɗa Abubakar na Uku, shi kuma aka ba shi Sardauna aka tura shi Gusau. A 1943 aka zarge shi da cin kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗaurin shekara ɗaya. Ya ɗaukaka ƙara, aka sake sauraron shari'ar a Zariya, aka wanke shi. Abin da ya raba shi da Makau ƙofa ɗaya ce: ya samu wata kotu a gaba da za ta sake tambayar masu shaida. Makau bai samu ba.

Yau kalmar da ke kashe mutum a gabashin Sakkwato ita ce infoma. Masu kai wa 'yan bindiga bayani suna nan, jami'an tsaro sun sha kama su, kuma a cikinsu an samu maƙwabta da dangi da masu kai abinci da fetur daji. Bahaushe ya ce da ɗan gari kan ci gari. Tsoron wannan ne ma ya sa a Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, ciki har da Goronyo da Rabah. Amma matakin ya toshe bakin mai neman agaji kamar yadda ya toshe na maci amana, kuma harin kasuwar Goronyo ya auku ne layukan na rufe.

Ɗaya fuskar ita ce ba a cika son magana a kanta ba. Inda zargi kaɗai ya isa a kashe mutum, mai bin bashi da mai rikicin gona da wanda aka kasa a neman aure duk sun samu makami. Ya isa a ce an ga wane yana waya a bayan gari, ko an ga ya sayi burodi da yawa ranar kasuwa. Kwanaki kaɗan kafin harin Goronyo, 'yan sa-kai sun kashe wasu Fulani a kasuwar Mamande ta ƙaramar hukumar Gwadabawa ba tare da wata shari'a ba. Irin wannan hukunci na kasuwa shi ne fadar Kagara a sabuwar riga: taro ya faɗa, an zartar, ba wanda ya bincika. Kuma kowane marar laifi da aka kashe ko aka kora, an ba 'yan daji hujjar ɗaukar fansa da sabon ɗan aike daga cikin danginsa.

Mai alkawarin kai ta wurin ɗanta

Idan cin amanar fadawa na hassada ne, na wani mai suna Ado na kasuwa ne zalla, kuma ya fi ciwo. Uwar Umar ta bar gida, ta bar miji, ta bi sawun ɗanta har Kano, inda ta ji cewa Abdulkarim ya wuce da shi arewa. Ado ya ce ya san mutumin, zai kai ta. Ta bi shi ta ratsa hamada da ƙafar mai fata. A Murzuk gaskiya ta fito: haja ya ɗauke ta tun daga farko. Ta kai kuka gaban alƙali, kukan bai 'yanta ta ba, ta ƙare a hannun wani mai suna Ahmad. Ta ƙi sakin jiki da bautar, aka yi ta azabtar da ita, ta rame ta lalace.

Ado bai ɗauki takobi ba, bai fasa gidan kowa ba. Jarinsa shi ne ya san hanya, ita ba ta sani ba, kuma ya gane uwar da ke neman ɗanta za ta yarda da duk wanda ya ce ya gan shi.

Duk gidan da aka taɓa ɗaukar wani nasu a wannan yanki ya san wannan hali. Waya ta shigo, murya ta faɗi miliyoyin da gidan bai taɓa gani ba, wani lokaci a haɗa da babur sabo da katin waya da kayan abinci. A sayar da shanun huɗa, a jinginar da fadamar da aka gada, a bi dangi na Sakkwato da na Legas, liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a a zagaya da hula. Matan gida su kwance 'yan kunnensu. Sa'annan a zo ga tambaya mafi wuya: wa zai kai kuɗin? Wa ya san dajin, wa 'yan bindigar za su yarda ya iso? A wannan gaɓa ake samun mutanen kirki da ke sayar da ransu don ɗan maƙwabci, suna sane da cewa an sha riƙe mai kai fansa a nemi wata fansar a kansa. A wannan gaɓa kuma ake samun irin su Ado, masu cewa sun san wanda ya san wane, su karɓi rabonsu ta gaba da ta baya.

Ba labarin da ba ne. A Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai 27 da malamai da iyalansu daga makarantar kimiyya ta Kagara a jihar Neja, garin da ke da suna ɗaya da mahaifar Umar. A Maris na 2024 aka ɗauke almajirai 15 daga tsangayarsu a Gidan Bakuso ta ƙaramar hukumar Gada, maƙwabciyar Goronyo. Bayan kowane yaro a cikinsu akwai uwar da ta shirya bin kowa zuwa ko'ina.

Baƙin da suka riƙe amana

Ɓalewa bai bar mai karatu cikin duhu kaɗai ba. Da Makau ya fita gari ba ko taro, ya haɗu da wani maharbi a daji. Maharbin bai san shi ba, ba ya tsammanin komai daga korarren bafade. Ya ji labarinsa, ya taimake shi, ya tura shi Makarfi wurin ɗan'uwansa Tanimu, wanda ya sauke shi ya tsaya masa har ya kafu. Da yaro Umar ya rasa kowa a daji, manoma ne suka tsince shi suka riƙe shi. Shi kansa Makau bai manta da matarsa da agolansa ba: yana samun wurin zama ya aika a zo da su.

Tsarin a bayyane yake. Waɗanda suka ci gishirin Makau su suka kayar da shi, wanda bai taɓa ganinsa ba shi ya ɗaga shi. Ado mai jin harshen uwar Umar shi ya sayar da ita. Littafin yana nuna cewa jini ko gari ɗaya ko yare ɗaya ba su ne ke tabbatar da amana ba. Wannan darasi ne mai nauyi ga yankin da aka fara auna mutum da ƙabilarsa, ana kallon kowane Bafulatani da ido ɗaya, alhali cikin waɗanda aka kora daga rugagensu aka kwashe musu shanu akwai Fulani da yawa.

Irin su maharbi da Tanimu suna nan da ransu. Lokacin da mutanen Tabanni suka iso Gandi, kafin motocin agaji su zo, mutanen gari ne suka fara buɗe ƙofa. Haka abin yake a Goronyo da Wurno da Rabah da unguwannin bayan birnin Sakkwato: da yawa daga cikin 'yan gudun hijira ba a sansani suke ba, suna zaune ne a zaurukan mutane da kangaye da ɗakunan da aka matsa aka ba su. Magidanci mai iyali goma ya wayi gari yana ciyar da ashirin, tukunyar da aka saba ɗorawa sau ɗaya a koma ɗora ta sau biyu, wani ya yanka wa baƙonsa gefen fadama ya ce ya shuka albasa ya samu na sabulu. Wannan aiki ba ya shiga rahoton kowa, amma shi ke riƙe da rayuka.

Inda littafin ke da ƙaya

Mai karatu na gaskiya ba zai tsaya a nan ba, domin akwai tambayar da littafin ya bari a buɗe. Makau mutumin kirki ne, mai gaskiya ga sarkinsa da iyalinsa. Amma me ya kai shi ƙasar Gwari? Kamun mutane. Rigimar da aka yi a fada a kan yawan bayin da ya kawo ce, ba wanda ya tambayi hakkinsu. Su ma suna da iyaye mata da suka fita nema. Ba a faɗi sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Abdulkarim ma haka. Shi da matarsa Zainab sun so Umar, sun ba shi ilimi, kuma da ya nemi komawa neman uwarsa Abdulkarim ya raka shi har ya rasa ransa a hanya. Wannan riƙon amana ne na ƙwarai. Amma daga hannun Gumuzu ya karɓi yaron, kuma harkar da ke kawo shi Kano ita ce harkar da ta cinye uwar. Ɗa da uwa hanya ɗaya suka bi, kasuwa ɗaya ta ɗauke su. Ɗaya ya faɗa hannun mai tausayi ya zama shaihi, ɗaya ta faɗa hannun azzalumi ta mutu a wulaƙance. Sa'ar ubangida ce kawai ta raba su.

Wannan ƙaya tana cikin labaran tsira na wasu ƙasashen ma. A littafin Robinson Crusoe na Daniel Defoe, wanda ya fito a Ingila a 1719, jarumin ya gudo daga bauta a Sale ta ƙasar Maroko tare da wani yaro mai suna Xury, wanda ya tsaya masa a cikin teku da gaɓar Afirka. Da wani jirgin Fotugal ya cece su, sai ya sayar wa matuƙin jirgin da yaron a kan tsabar azurfa 60, bisa sharaɗin za a 'yanta shi bayan shekara 10 idan ya zama Kirista. Tafiyar da ta jefa shi tsibirin da ya yi suna a kansa ma, ta sayo bayi ce. Miliyoyin yara sun karanta littafin suna yaba dabarar mutumin, kaɗan ne suka tsaya a kan Xury.

Wurno kanta ta taɓa sauke wani Umar na zahiri. Garin ribaɗi ne da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raya, a nan ya rasu a 1837, a nan kabarinsa yake. A 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, Bajamushen nan mai yawon bincike Heinrich Barth, wanda ke kiran kansa Abdulkarim, ya zauna a Wurno. Cikin yaransa akwai Dorugu, Bahaushe ɗan ƙasar Damagaram da aka kama a hari yana ƙarami, aka sayar da shi har ya kai Kukawa, inda abokin tafiyar Barth, Adolf Overweg, ya 'yanta shi. Dorugu ya bi Barth zuwa Tambutu, ya ratsa Murzuk da Tarabulus a 1855, ya kai Landan. Wani fasto mai suna Schön ya rubuta labarinsa daga bakinsa da Hausa. Daga baya ya dawo gida, ya rasu a Kano a 1912. Dorugu ya tsira ne saboda ya gamu da mai 'yanta shi. Dubban irinsa da aka kama ba wanda ya rubuta nasu.

Ɓalewa ya san wannan duniya da idonsa. Dokar Gwamna Lugga ta ce duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilun 1901 ɗa ne ba bawa ba, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Ke nan lokacin da yake rubutu akwai tsofaffin mahara da tsofaffin bayi a kowace kasuwa, wasu ma suna cikin masu sauraro idan ana karanta littafin. Bai yi wa'azi ba, bai zagi kowa ba. Ya jera abin da ya faru ɗaki-ɗaki, ya bar uwar ta mutu a gaban mai karatu. Shi kansa a ƙarshe, bayan ya zama shugaban gwamnati, sojojin da suka yi rantsuwar kare gwamnatinsa ne suka ɗauke shi daga gidansa a Legas daren 15 ga Janairun 1966. A daren aka kashe Sardauna a Kaduna, matarsa Hafsatu ta ƙi rabuwa da shi aka kashe su tare.

Littafin bai mutu da marubucinsa ba. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Turanci a 1967. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976, aka nuna shi a bikin FESTAC na 1977. Fim ɗin ya ɓace shekaru da dama, daga baya aka gano faya-fayensa aka gyara, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018.

Abin da ya rage ga masu iko

Idan aka haɗa waɗannan duka, abin da Shaihu Umar ke nunawa shi ne cin amana yana da gonar da yake tsirowa. Yana tsirowa inda ɗan'adam ke da farashi, domin a nan sanin gidan maƙwabci da sanin ranar da ya yi ciniki ke zama haja. Yana kuma tsirowa inda mai iko ba ya bincike, domin a nan mai gaskiya ke tsoron magana, maƙaryaci kuma ke samun kasuwa. Kirkin maharbi da Tanimu da Abdulkarim ya ceci mutum ɗaya-ɗaya, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Amma bai rufe kasuwar Kano ba, bai tare hanyar Murzuk ba. Nasiha a kan riƙon amana wajibi ce a mumbari da makaranta, sai dai ba za ta wadatar ba matuƙar kuɗin fansa na shiga daji, babura da fetur na bin sa.

Saboda haka akwai aikin da ya rataya a wuyan hakimai da masu gari da gwamnatin jiha da jami'an tsaro. Wanda aka zarga da zama infoma a kai shi kotu, a kawo shaida, a yanke hukunci jama'a su ji. Idan an kama shi da safe aka gan shi a kasuwa da yamma ba bayani, mutane za su koma yanke hukunci da kansu. Idan kuma aka kashe shi a kan jita-jita, an sake yin Makau. Wanda ya san maci amana na gaskiya yana buƙatar hanyar da zai faɗa ba tare da sunansa ya riga shi isa daji ba, domin tsoron wannan ne ke rufe bakin mafi yawan mutanen ƙauye. Hanyoyin da ke kai manomi fadamarsa da kasuwarsa, daga Gandi zuwa Rabah, daga Goronyo zuwa Sabon Birni, suna buƙatar tsaro na dindindin, ba sintirin mako guda bayan an yi jana'iza ba.

Sai kuma masu saukar baƙi, waɗanda rabon agaji kan tsallake saboda ba su ne aka kora ba. Tanimu na cikin littafi mai hali ne, ɗaukar nauyin Makau bai girgiza shi ba. Mai saukar baƙi a Gandi ko Goronyo ko Wurno ƙaramin manomi ne da rumbunsa kan ƙare tun kafin ruwan farko ya sauka. Idan za a rubuta sunayen masu karɓar hatsi da iri da takin zamani, ya kamata sunansa ya shiga takarda ɗaya da na baƙon da ke kwana a zaurensa.